An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Iyalan 'Yan Gudun Hijira A Zamanin Abacha

Bahaushe ya daɗe da sanin halin mutumin da ya kasa kaiwa ga abokin faɗansa, sai ya juya ya huce haushinsa a kan wanda ke kusa da shi. Shi ya sa ya ce an bar jaki ana dukan taiki. Wannan karin magana ta dace da wani babi na tarihin Nijeriya wanda ba a cika buɗe shi ba, wato abin da ya sami mata da 'ya'ya da surukan mutanen da suka tsere daga ƙasar nan tsakanin 1994 da 1998, suka je ƙasashen waje suna fafutikar a mayar da mulki hannun farar hula. Su mazan da suka gudu an san su, an yi littattafai a kansu, wasunsu ma sun dawo sun zama gwamnoni da ministoci. Amma waɗanda aka bari a gida, waɗanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare ana tambayarsu ina wane, labarinsu ya fi yawa a cikin tsofaffin rahotannin ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama da ƙura ta rufe.

Na san akwai masu karatu da yawa, musamman a nan Arewa, da suke tuna marigayi Janar Sani Abacha da alheri. Suna lissafa tituna da magungunan asusun PTF, da jihohin Zamfara da Gombe da Nasarawa da ya ƙirƙiro a 1996. Wannan rubutu bai zo don ya yi musu da su a kan haka ba. Tambaya ɗaya ce a gabanmu: shin ya halatta hukuma ta kama mutum saboda abin da ɗan'uwansa ya yi? Mai karatu ya riƙe wannan tambaya a ransa, mu bi tarihin daki-daki.

Yadda Aka Fara Gudun

Tushen al'amarin shi ne zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, 1993, tsakanin Cif Moshood Abiola na SDP da Alhaji Bashir Tofa na NRC. Sakamakon da ya fito ya nuna Abiola ne a gaba, har a jihar Kano, mahaifar Tofa, amma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen. Babangida ya sauka a watan Agusta, ya bar gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, ita kuma ba ta cika wata uku ba Abacha ya karɓe mulki ranar 17 ga Nuwamba, 1993.

A watan Mayun 1994 wasu 'yan siyasa da tsofaffin hafsoshi da masu rajin kare haƙƙi suka kafa wata gamayya da aka fi sani da NADECO, suna neman soja su koma bariki a ba Abiola kujerarsa. Ranar 11 ga Yuni, 1994 Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a unguwar Epetedo da ke Legas, kafin watan ya ƙare aka kama shi, bai kuma sake fitowa da rai ba. Daga nan kame ya yawaita, waɗanda suka ga alamar wuta na matsowa suka fara neman hanyar fita. Yawancinsu ta iyakar Jamhuriyar Binin suka bi, ta hanyoyin daji da 'yan fasa-ƙwauri suka sani, daga Kwatano ko Akara su hau jirgi zuwa Landan ko Amurka.

Farfesa Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986, ya fice a watan Nuwamban 1994 bayan an ƙwace masa fasfo. Akwai Farfesa Bolaji Akinyemi, tsohon ministan harkokin waje, da Laftanar-Janar Alani Akinrinade, tsohon babban hafsan sojan ƙasa, da Sanata Bola Tinubu, da Cif John Oyegun, tsohon gwamnan Edo. Akwai kuma ɗan Arewa, Eya Kwamanda Dan Suleiman, mutumin Adamawa wanda ya yi gwamnan soja a Filato daga 1976 zuwa 1978. A 1996 Cif Anthony Enahoro, wanda ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a majalisa tun 1953, shi ma ya bi sahu yana da shekara saba'in da 'yan kai. Dattijon da ya nemi Turawa su tafi, ga shi da furfura yana neman mafaka a ƙasar Turawa.

Abin Da Ya Sa Suka Zame Wa Gwamnati Ƙaya

Da a ce waɗannan mutane sun je sun yi zamansu ne kawai, da babu wanda zai kula su. To amma ba su zauna ba. Sun riƙa shiga majalisun dokokin Birtaniya da Amurka da Kanada suna roƙon a saka wa gwamnatin soja takunkumi, suna hira da gidajen rediyo da jaridu, suna shirya zanga-zanga a ƙofar ofisoshin jakadancin Nijeriya. Lokacin da aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya nan take, Tarayyar Turai ta hana sayar mata da makamai, duniya ta fara sauraren 'yan gudun hijirar da kunnen gaske.

A tsakiyar 1996 suka buɗe gidan rediyo mai gajeren zango da ke watsa shirye-shirye daga ƙetare zuwa cikin Nijeriya, wanda daga baya aka raɗa wa suna Rediyo Kudirat. Dakta Kayode Fayemi na cikin matasan da suka tafiyar da shi. Gwamnatin da ta saba rufe jarida da kwaɗo ta girke soja a ƙofa, sai ga murya tana shigowa ɗakunan mutane da daddare, babu ƙofar da za a rufe, babu editan da za a kama.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a bi su can a kamo su? Amsar tana cikin abin da ya faru shekara goma kafin nan. Ranar 5 ga Yuli, 1984, aka sace Alhaji Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri na gwamnatin Shagari, a ƙofar gidansa da ke Landan, aka yi masa allurar barci aka saka shi cikin akwatin katako da nufin kawo shi Legas. Jami'an kwastan na filin jirgin Stansted suka buɗe akwatin, asiri ya tonu. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta musanta hannu a ciki, amma kotun Birtaniya ta ɗaure wani hafsan Nijeriya da Isra'ilawa uku, dangantakar ƙasashen biyu kuma ta yi tsami har kusan shekara biyu. Darasin da jami'an tsaro suka ɗauka a fili yake: taɓa mutum a Landan yana da tsada, ga tonon silili. Matarsa da ke Ikeja ko Kaduna kuwa, mota ɗaya da kurata huɗu sun isa.

Dokar Da Ta Buɗe Ƙofa

Makamin da ya sauƙaƙa wannan aiki shi ne Dokar Soja Mai Lamba 2 ta 1984, wadda aka kafa zamanin Janar Muhammadu Buhari, Babangida ya gada, Abacha ya ƙara mata kaifi. A ƙarƙashinta hukuma na iya tsare mutum ba tare da tuhuma ko shari'a ba, da zarar wani babban jami'i ya sa hannu cewa mutumin barazana ne ga tsaron ƙasa, a kuma yi ta sabunta wa'adin. A ƙarshen 1994 aka ƙara wata doka da ta hana kotu ba da umarnin a kawo wanda ake tsare da shi gabanta. Inda ba a buƙatar a faɗi laifin mutum, ba a kuma buƙatar ya kasance yana da laifin. Zama matar wane ko ƙanen wane ya wadatar.

Ba Abacha ne ya fara ba, gaskiya a faɗe ta. Bayan yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar na 22 ga Afrilu, 1990, wanda ya yi shelar cire jihohin Sakkwato da Katsina da Kano da Bauci da Barno daga Nijeriya, an zargi ɗan kasuwa Great Ogboru da ba da kuɗin shirin. Shi ya tsere, sai aka kama 'yan'uwa da makusantan waɗanda suka gudu. Wani ɗan'uwan Ogboru kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai bisa zargin taimaka masa ya gudu, ya ci gaba da zama a kurkuku shekara da shekaru, bai fito ba sai bayan rasuwar Abacha. Mutanen Arewa ba su da dalilin son Orkar da abokansa, shi ya sa ba a ji muryoyi da yawa daga nan suna tambayar laifin waɗannan dangi ba. Haka mugun abu yake shigowa: ana fara gwada shi a kan wanda jama'a ke jin haushi, in an ga babu wanda ya ce uffan sai ya zama al'ada.

Waɗanda Aka Kama A Madadin Wasu

'Yan jarida su ne suka fi ɗanɗana wannan. Mujallun Tell da TheNews da jaridar Tempo sun koma aikin sari-ka-noƙe, ba su da ofis tsayayye, yau a buga a wannan maɗaba'a gobe a waccan, editocinsu ba sa kwana biyu a ɗaki ɗaya. Dapo Olorunyomi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa TheNews, ya tsere zuwa Amurka ya ci gaba da magana daga can. A watan Maris na 1997 jami'an leƙen asirin soja suka je gidansa a Legas suka tafi da matarsa Ladi, wadda ita ma 'yar jarida ce mai rajin kare haƙƙin mata, suka tsare ta makonni ba tare da an kai ta kotu ba, ga yara ƙanana a gida. A watan Nuwamba na shekarar suka sake ɗauke ta, suna tambayarta labarin mijinta da na Bayo Onanuga, shugaban mujallar, wanda shi ma a lokacin ya sha da ƙyar ya bar ƙasar.

Nosa Igiebor, babban editan Tell, ya riga ya yi wata shida a tsare daga Disambar 1995. A watan Satumbar 1997, bayan mujallarsa ta buga labari kan lafiyar shugaban ƙasa, jami'ai ɗauke da bindigogi suka dira gidansa da daddare. Ba su same shi ba, sai suka tafi da matarsa, daga bisani suka sako ta. Saƙon ya isa inda aka aika shi.

A ƙarshen 1996 da farkon 1997 bama-bamai sun riƙa tashi a Legas, yawanci a kan motocin soja, har da wanda aka auna ayarin Kanar Buba Marwa, gwamnan jihar na soja. Gwamnati ta ɗora laifin a kan NADECO, su kuma suka musanta. A watan Maris na 1997 aka tuhumi Soyinka da Enahoro da Akinrinade da wasu da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne, alhali suna ƙasashen waje. Waɗanda hannu ya kai gare su, irin su Cif Olu Falae da Dakta Frederick Fasehun, su aka tsare har sai bayan mutuwar Abacha. A wannan guguwa an kwashi ma'aikata da abokan hulɗar Akinrinade. Ƙungiyar Amnesty International ta kuma rubuta labarin matar wani tsohon hafsan soja da ke gudun hijira, wadda aka tsare ta tare da 'yarta wata da watanni a 1997, babu tuhuma, babu shari'a. Kalmar da masu kare haƙƙi suka yi amfani da ita a lokacin ita ce garkuwa da mutane, kalmar da a yau muke jinginawa ga 'yan bindigar daji.

Mafi muni a cikin abin da ya sami iyalai shi ne kisan Alhaja Kudirat Abiola. Haifaffiyar Zariya ce, kuma bayan an kulle mijinta ita ta zama muryarsa, tana hira da kafafen watsa labarai na waje, tana ƙarfafa wa masu fafutika gwiwa. Ranar 4 ga Yuni, 1996 aka harbe ta a cikin motarta a Legas. Maimakon a nemo makasan, sai aka kama wasu daga cikin dangin Abiola, har da babban ɗansa Kola, da dattawan NADECO irin su Cif Abraham Adesanya, aka tsare su da sunan bincike. 'Yarta Hafsat tana karatu a Amurka labarin ya same ta, daga nan ta shiga sahun masu fafutika daga waje. Bayan dawowar mulkin farar hula an gurfanar da Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Abacha, wata babbar kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ta sallame shi a 2013. Duk wanda ke Landan ko Washinton a ranar da aka kashe Kudirat, tunanin da ya fara zo masa shi ne na matarsa da ya bari a gida.

Arewa Ba Ta Tsira Ba

Akwai masu ɗaukar wannan tarihi a matsayin rigimar Yarbawa da gwamnati, wai babu ruwanmu. Abin da ya faru a 1995 ya ƙaryata haka. A watan Maris na shekarar gwamnati ta ce ta gano shirin juyin mulki, kotun soja ƙarƙashin Birgediya Patrick Aziza ta yi zamanta a asirce ta hukunta mutum sama da 40. A cikinsu akwai Janar Olusegun Obasanjo, da Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997, da Kanar Lawan Gwadabe tsohon gwamnan Neja, da Shehu Sani na Kaduna, da Dakta Beko Ransome-Kuti, da 'yan jarida huɗu. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, cikin waɗanda aka ɗaure har da fararen hula da ba a san su da siyasa ko aikin soja ba, irin su wani surukin Gwadabe da wata surukar Kanar Bello-Fadile, waɗanda zumunci ya jawo su cikin shari'ar.

A wannan shari'a ce aka ba da cigiyar Laftanar-Kanar Sambo Dasuki, tsohon dogarin Babangida, wanda ya tsere zuwa Amurka. A watan Afrilun 1996 aka tuɓe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, aka kai shi jihar Taraba aka tsare. Gwamnatin jihar Sakkwato ta lissafa nata dalilan, kamar ƙin bin umarnin hukuma da fita ƙasar sarautarsa ba da izini ba, kuma kowa ya san naɗinsa a 1988 ya zo da tarzoma don mutane da yawa Maccido suke so. Duk da haka masu sharhi da dama a lokacin sun lissafa gudun ɗansa cikin abubuwan da suka ɓata tsakaninsa da Abacha. In har rawani mafi girma a ƙasar Hausa bai hana a yi wa uba kallon ɗansa ba, ina ga talaka?

Yadda Dabarar Take Aiki

Idan aka duba waɗannan labarai za a ga abu uku hukuma take nema. Na farko bayani: ina yake, wa yake bugo wa waya, wa ke kai masa saƙo, ta wace hanya kuɗi ke zuwa. A shekarun nan babu wayar hannu a hannun jama'a, sai wayar tarho ta NITEL da wasiƙa da ɗan aike, saboda haka matar gida ko ƙane ko direba su ne igiyar da ta haɗa ɗan gudun hijira da ƙasarsa.

Na biyu shi ne a rufe masa baki. Mutum zai iya yanke wa kansa shawarar ya jure ɗauri ko talauci saboda aƙidarsa, amma wa ya ba shi ikon yanke wa mahaifiyarsa ko 'yarsa wannan shawara? Duk hirar da zai yi da BBC sai ya auna ta da abin da za ta jawo a gida kafin gari ya waye. In ya yi shiru, an ci nasara a kansa. In ya yi magana aka kama matarsa, dangi su ce shi ya jawo, ya gudu ya bar su da wahala yana can yana shan sanyi. Ta haka hukuma take ɗauke laifin daga kanta ta ɗora wa wanda ta kora.

Na uku shi ne a mayar da gidan abin gudu. Da zarar an ga motar jami'an tsaro ta tsaya a ƙofa sau ɗaya, maƙwabta sun rage gaisuwa, abokan ciniki sun janye, mai gidan haya ya fara neman dalili, 'yan'uwa sun daina zuwa suna ko biki. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ya kuma ce ɗan'uwa rabin jiki. Wannan dabara an gina ta ne a kan sanin haka. Zumuncin da ya kamata ya zama mafaka shi ake mayarwa sarƙa, kuma mata ne suka fi ɗaukar nauyin, don su ake bari da yara da kuɗin makaranta da zaryar ofisoshin tsaro.

Me Aka Samu A Ƙarshe?

Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998, Abiola ya bi shi ranar 7 ga Yuli yana tsare. Janar Abdulsalami Abubakar ya saki fursunonin siyasa, aka janye tuhumar cin amanar ƙasa, 'yan gudun hijira suka fara dawowa, aka kuma soke Doka Mai Lamba 2 daf da miƙa mulki a watan Mayun 1999. Kame-kamen iyalai bai kashe Rediyo Kudirat ba, bai hana Tell da TheNews fitowa ba. Hasali ma kowace mace da aka tsare ta zama sabuwar hujja a hannun masu neman a ƙara wa Nijeriya takunkumi. Amma kada wannan ya sa a ce abin bai yi ɓarna ba. Akwai yaran da suka tashi suna firgita da ƙarar mota da daddare, da sana'o'in da suka rushe, da iyayen da aka binne 'ya'yansu na can ba su iya zuwa jana'iza ba.

Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa a 1999 don binciken take haƙƙin jama'a, aka kai masa koke kusan 10,000, ya miƙa rahotonsa a 2002. Babangida da Buhari da Abdulsalami sun ƙi bayyana gabansa, gwamnati kuma ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba, sai ƙungiyoyin fararen hula ne suka watsa shi a 2005. A 2018 Buhari ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, a 2025 aka ba Kudirat da Shehu 'Yar'aduwa lambobin girma na ƙasa. Manyan sunaye sun sami rabonsu na tunawa, waɗanda aka tsare a madadin wasu kuwa, yawancinsu sun koma gida ne kawai suka ci gaba da rayuwa.

Akwai wani juyi da ya kamata mu tsaya a kansa. A 1999 aka kama Muhammad, ɗan Abacha, aka haɗa shi cikin shari'ar kisan Kudirat, ya yi kusan shekara uku a tsare kafin Kotun Ƙoli ta ce a 2002 babu hujjar da za a tuhume shi da ita a wannan shari'a. A lokacin mutane da yawa a Kano sun yi ta kiran a sake shi, suna cewa ana riƙe da shi ne don a matsa wa iyalin lamba kan maganar kuɗi, kuma ba a kama ɗa da laifin uba. To, duk wanda ya faɗi wannan magana a 2001, ya kamata ya yarda cewa gaskiya ce tun a 1997, lokacin da matar ɗan jarida ke kwana a hannun soja saboda mijinta. Ma'auni ɗaya ne, ba ya canzawa da ƙabilar wanda aka ɗora a kai.

Abin Bai Mutu Ba

Wannan dabara ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, ba ta kuma tafi da ƙarnin da ya wuce ba. A Iran an kama ɗan'uwan 'yar jarida Masih Alinejad, mazauniyar Amurka, a 2019, aka yanke masa ɗaurin shekara 8. A Masar an kama 'yan'uwan Mohamed Soltan su biyar a 2020, kwanaki kaɗan bayan ya kai ƙarar wani tsohon firayim ministan ƙasar a wata kotun Amurka. A Hong Kong, a watan Yulin 2023 'yan sanda suka sa ladan dalar yankin miliyan ɗaya a kan kowane ɗaya daga cikin masu rajin dimokuraɗiyya takwas da ke ƙetare, suka kuma ɗauki iyayen Nathan Law da ɗan'uwansa don yi musu tambayoyi, alhali tun 2020 ya yi shelar ya yanke hulɗa da su don ya kare su. A 2025 aka kama mahaifin Anna Kwok aka gurfanar da shi bisa zargin taɓa kuɗinta. Intanet ta sa muryar ɗan gudun hijira tana isa gida cikin daƙiƙa, ita ma barazanar haka take isa gare shi.

A nan gida doka ta riga ta yi magana. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan'adam ta 1981, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1983, ta tanadi cewa hukunci na kan mai laifi ne shi kaɗai, wato tana nan daram duk tsawon shekarun da muka ba da labari. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 da sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 sun haramta kama wani a madadin wanda ake zargi. Amma wanda ya san unguwanninmu ya san har gobe ana zuwa neman matashi, in ba a same shi ba a tafi da tsohonsa ko matarsa a ce sai ya kawo kansa. Abin da aka koya a kan iyalan manya ya gangaro kan talaka, wanda ba shi da Amnesty balle rediyo.

Da yawa daga cikin waɗanda suka bi hanyar Kwatano sun hau kujerun mulki daga baya. Fayemi ya yi gwamnan Ekiti sau biyu, Oyegun ya shugabanci jam'iyyar APC, Tinubu ya yi gwamnan Legas shekara takwas ya kuma zama shugaban ƙasa a 2023. Babu wanda ya fi su sanin yadda mutum yake ji idan aka bugo masa waya daga gida aka ce an tafi da mai ɗakinsa. Saboda haka babu wanda ya fi su cancantar a tambaye shi duk ranar da aka kama wani a madadin wani. Mu kuma jama'a, ranar da aka zo tafiya da matar maƙwabci saboda mijinta, ko muna son mijin ko ba ma sonsa, mu tuna cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kiyashe mu da ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba.